Daga Zuciya Zuwa Katako: Yadda Ingilishi Ya Riƙa Sauya wa Jarunta Suna

A farkon 1856, Yaƙin Kirimiya na gab da ƙarewa, aka kai wa Sarauniya Biktoriya zanen sabuwar lambar yabo da za a riƙa maƙala wa sojan da ya yi bajinta a fagen fama. Masu zanen sun rubuta “For the Brave” a jikinta, wato domin jarumai. Sarauniyar ta ce a sauya, don kada a ɗauka duk wanda bai samu lambar ba ragon soja ne. Aka mayar da rubutun “For Valour”, kuma shi ne a jikin Victoria Cross har yau. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai tarar an fassara masa “brave” da “valour” duk da jarunta, ya yi mamakin abin da ya sa mai mulkin daula guda za ta tsaya jayayya kan wannan. To, ta san harshenta. Kalmar farko tana siffanta mutum, tana raba bataliya gida biyu. Ta biyun tana nuni ne ga aikin da aka yi wata rana a wani wuri.

Kalmomin Ingilishi a wannan fage sun haura ashirin, kuma tun da Peter Mark Roget ya fitar da kundinsa na kalmomi masu kusancin ma'ana a 1852 ake jera su a rukuni ɗaya kamar 'ya'yan ɗaki guda. Asalinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Kowace ta shigo ne a lokacin da wani rukunin mutane, sarakai ko limaman coci ko hafsoshi ko masu tsara manufofi, yake bukatar wani ya nuna wani irin ƙarfin hali. Wanda ya bi sawunsu zai ga hanya ɗaya suka miƙa: sun faro daga zuciyar mutum, suka gangara cikinsa, suka ƙare a kan ƙarfe da tsakuwa da katako. A kowane zango kuma, wanda ake ɗora wa laifi idan aka karye yana sauyawa.

Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin 1066, yana da nasa kalmomin. Akwai “ellen”, himmar yaƙi, wadda ta cika waƙar Beowulf amma ta ɓace ɗungum daga harshen yau. Akwai kuma “mod”, mai ɗauke da zuciya da hankali da jarunta a dunƙule. 'Yar'uwarta ta Jamusanci, “Mut”, har yanzu ƙarfin zuciya take nufi, amma a Ingilishi kalmar ta rame ta koma “mood”, yanayin da mutum ya tashi da shi da safe. A kan wannan “mod” aka yi ɗaya daga cikin muhawarori mafi tsawo a nazarin tsohon adabin Ingila. A shekarar 991 maharan teku daga Sikandinebiya suka sauka a wani tsibiri kusa da garin Maldon na yankin Essex. Siririn mashigi ne kawai tsakaninsu da gaɓa, kuma dattijon hakimin yankin, Byrhtnoth, ya tsare shi da mutane kaɗan. Maharan suka nemi a bar su su ƙetaro a gwabza a fili, shi kuwa ya yarda. Aka kashe shi, aka fatattaki rundunarsa, Sarki Ethelred ya biya maharan azurfa mai nauyin fam 10,000. Mawaƙin da ya ba da labarin ya ce dattijon ya yi haka ne saboda “ofermod”, wato “mod” da ta wuce kima. A 1953 J. R. R. Tolkien, wanda kafin a san shi da ƙagaggun labarai farfesan wannan fanni ne a Oxford, ya ce kalmar zargi ce: girman kai take nufi, kuma a wata tsohuwar waƙar an siffanta Shaiɗan da ita. Wasu masanan suka ce a'a, yabon babbar zuciya ne. Abin lura a nan shi ne harshen ya gina jarunta da ganganci daga saiwa ɗaya, bambancinsu ɗan ɗafi ne a goshin kalma. Jama'ar da shugabanta kan iya jefa ta halaka don neman suna dole ta tanadi kalma irin wannan.

Da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har tsawon kusan ƙarni uku, kalmomin yabon maza kuma suka bi masu doki. “Courage” ta shigo wajajen 1300, asalinta “cor” na Latin, zuciya. Da farko ba jarunta kaɗai take nufi ba. A rubutun Chaucer, wanda ya mutu a 1400, tana nufin abin da ke ran halitta ko mene ne shi, har tsuntsaye suna da tasu. A hankali ta tsuke. “Valour” daga “valere” take, kasancewa da ƙarfi ko da daraja, dangin kalmar da ake faɗin ƙimar kaya da ita, don haka barde mai “valour” shi ne wanda ya biya kuɗin dokinsa da sulkensa. “Brave” ta makara, sai ƙarshen ƙarni na 15 ta iso daga Italiyanci ta hanyar Faransanci, kuma a zamanin Shakespeare ana iya kiran mutum da ita don kawai ya caɓa ado. Haka “gallant”: mai kwalliya, mai iya zance da mata, daga baya mai jarunta. Waɗannan kalmomi ne na jaruntar da ake yi a gaban 'yan kallo. Ba mamaki da 'yar'uwarsu “bravado” ta zama sunan kuri da cika baki.

Coci ta kawo wata daban, “fortitude”, ɗaya daga cikin manyan ɗabi'u huɗu da aka gada daga Aflatun da Aristo. Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan rabon, don shi ne Ibn Miskawaih da Imam Gazali suka kawo da sunan hikima da shaja'a da iffa da adalci, suka kuma ajiye shaja'a a tsakanin tsoro da ganganci. Thomas Aquinas, wanda ya mutu a 1274, ya ƙara wani abu da ya bambanta wannan kalma da na barade: ya ce babban aikin “fortitude” daurewa ne, kai farmaki na biye. Hujjojinsa uku ne. Mai daurewa yana fuskantar wanda ya fi shi ƙarfi, haɗarin ya riga ya sauka a kansa, kuma abin yana ɗaukar lokaci, alhali farmaki na iya zama na ƙiftawar ido. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wannan ce ƙofar da majinyaci da fursuna da gwauruwa suka shiga sahun jarumai a Ingilishi, domin tsofaffin kalmomin Turai sun rufe musu ƙofa tun daga saiwa: “andreia” ta Girkanci daga kalmar namiji take, “virtus” ta Latin ma haka, daidai da yadda mazantaka take a wurinmu. Shi ya sa, kamar yadda aka ruwaito, da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta tsaya gaban dakarunta a Tilbury a 1588 ana jiran jiragen ruwan Sifen, sai da ta fara amsa cewa jikinta na mace ne mai rauni, sannan ta yi iƙirarin tana da zuciya da tumbin sarki.

Tumbi fa ta ce. Likitancin wancan zamani ya ɗauki kayan ciki a matsayin mazaunin hali, har ana zagin matsoraci da cewa hantarsa fara ce, babu jini a cikinta. Daga nan talakan Ingila ya ɗebo nasa kalmomin, kuma a ganina su ne suka fi rai a duk jerin. “Pluck” asalinta abin da mahauci yake fizgowa ne daga ƙirjin dabba a haɗe, zuciya da hanta da huhu. A ƙarshen ƙarni na 18 'yan damben Landan, waɗanda ke naushi da tsurar hannu, suka fara cewa wane yana da “pluck” idan ya sha duka bai ja da baya ba. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda damben gargajiyarmu ma da rundawa aka san shi. Wanda ke buɗe ciki kullum ya fi kowa sanin abin da ke riƙe da rai. Kafin ƙarshen mulkin Biktoriya kalmar ta yi wanka, ta shiga makarantun 'ya'yan manya da littattafan yara, ta zama yabon ƙaramin da ya tunkari babba. Da ta tsufa sai “guts”, hanji, ta maye gurbinta a ƙarshen ƙarni na 19. Ita wannan ta ƙi wankuwa, har Amurkawa masu jin nauyin furta ta suka ƙirƙiro “intestinal fortitude”, suka sa wa hanjin rigar Latin cikin raha. “Backbone” ƙashin baya ne. “Nerve” kuwa, wadda asalinta jijiya ce, fuska uku gare ta: idan aka ce mutum ya riƙe ta, yabo ne; idan aka ce ji “nerve” ɗinsa, rashin kunya ake nufi; idan aka jam'anta ta, ta koma fargaba. Ƙamus ba ya raba wa mai koyo waɗannan, sai zama da masu harshen.

Babbar kalmar ƙarni na 19 ita ce “character”. A Girkanci sunan ƙarfen da ake buga hatimi da shi ne, da kuma alamar da yake bari a jikin kwabo. A Ingila ta taɓa zama sunan takardar shaida da uwar gida ke ba baranya idan za ta bar aiki, wadda kuma aka sallama babu ita ta shiga uku. Wato tun asali abu ne da wani yake bugawa a jikinka, wani kuma ya karanta. Thomas Arnold, wanda ya karɓi shugabancin makarantar Rugby a 1828, ya jera burinsa kamar haka: addini da ɗabi'a, sannan halin dattako, ilimi a ƙarshe. Magadansa suka ƙara da wasanni da wankan ruwan sanyi da bulala. Samuel Smiles ya sayar wa masu ƙaramin ƙarfi wannan aƙida a littafinsa Self-Help na 1859, wanda aka sayi kusan kwafi 250,000 nasa kafin mutuwar marubucin a 1904, ya kuma biyo shi da wani mai suna Character a 1871. Daula ce ke bukatar wannan haja: saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai da za a jefa shi wata gunduma mai nisa ya yi mulki shi kaɗai ba tare da ya nuna tsoro ko kewa ba. Ralph Furse, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar jami'an mulkin mallaka, da ganawa ido da ido yake zaɓe, ba da jarrabawa ba, don halin yake nema. Irin waɗannan ne suka zo mana a matsayin Di'o da Razdan, kuma tsarin da ya ƙera su aka kwaikwaya a Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, har da wasan Fives wanda Sardauna ya riƙe tsawon rayuwarsa. Wani daga cikin jami'an nan, Anthony Kirk-Greene, da ya koma malanta ya yi nazarin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jarunta ba ta samu shiga ba. Kusan duka goman suna bayyana ne a mu'amala da jama'a, alhali “character” na Ingilan wancan zamani a kaɗaici ake gwada shi.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya gwada aƙidar, ta kuma tsage. Idan jarunta hatimi ce da aka buga tun ƙuruciya, to sojan da ya kama makyarkyata bayan wata shida a rami ana ruwan bama-bamai jabun kwabo ne ke nan. Likita Charles Myers ya shigar da kalmar “shell shock” cikin rubutun likitanci a 1915 don ya ce ciwo ne, amma rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen fama da ragwantaka, ba a kuma yafe musu ba sai a 2006. A 1940 rundunar sama ta fito da wani tambari mai haruffa uku, LMF, “lack of moral fibre”, wanda ake liƙa wa ma'aikacin jirgin da ya ce ba zai iya sake tashi ba. Akan cire masa bajen tashi, sau da yawa a rage masa muƙami a tura shi aikin wahala. A tuna cewa a sashen jiragen kai harin bam, cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki, sama da 55,000 ba su dawo ba. Kalmar “fibre” zare take nufi, irin na tufa ko igiya. Hukuma ba ta ce tsoro ya kama shi ba. Cewa ta yi saƙarsa ce ba ta da kyau. Wanda ya rusa wannan tunani daga ciki shi ne Lord Moran, likitan Churchill, wanda ya yi aikin likitan bataliya a ramukan Faransa. A littafinsa The Anatomy of Courage na 1945 ya ce ƙarfin zuciya jari ne da ake ci kullum, kowa kuma yana da ranar da zai cinye uwar kuɗinsa. Idan haka ne, alhakin yana wuyan kwamandan da bai san lokacin da zai hutar da mutanensa ba.

Siffanta mutum da kayan aiki ba a 1940 ya fara ba. “Mettle”, wadda ake cewa wane ya nuna tasa, ita ce dai “metal”, ƙarfe; kalma ɗaya ce da rubutu ya raba biyu, ma'anarta ingancin ƙarfen takobi. Amurka ta ƙaro nata. “Moxie” sunan wani lemon kwalba ne da aka fara sayarwa a jihar Massachusetts a matsayin maganin ƙarfafa jijiya, talla ta mayar da shi sunan tsaurin ido. “Grit” tsakuwa ce, wadda tun farkon ƙarni na 19 Amurkawa ke yabon mai taurin rai da ita, littafin True Grit na 1968 da fim ɗin John Wayne na shekarar da ta biyo suka ƙara mata farin jini. A 2007 masaniyar halayyar ɗan'adam Angela Duckworth da abokan aikinta suka mayar da ita abin awo: tambayoyi 12 da mutum zai amsa game da kansa, a ba shi maki tsakanin ɗaya da biyar. Sun nuna makin yana taimakawa wajen hasashen wanda zai jure horon farko a makarantar soja ta West Point. Makarantu suka yi caa a kai. A 2017 Marcus Credé da abokansa suka tattara binciken da ya shafi mutum sama da 66,000, suka ce alaƙar “grit” da nasara matsakaiciya ce, kuma da ƙyar ake bambanta ta da tsohuwar siffar da masana suka daɗe da sani, ta mutum mai kula da aikinsa. Ni abin da ya fi damuna ba ƙarfin awon ba ne, inda aka kai shi ne. Gaya wa yaron da ya zo aji da yunwa cewa tsakuwar cikinsa ce ta yi kaɗan, LMF ne aka sake wa riga.

Sarauniyar kalmomin yau ita ce “resilience”, kuma ita ce mafi nisa da zuciya. Asalinta “resilire” na Latin, tsalle da baya. Francis Bacon ya yi amfani da ita kan yadda amo yake dawowa a littafin da aka buga bayan mutuwarsa a 1626. A 1818 injiniya Thomas Tredgold ya auna ta a jikin katako: nauyin da gungume zai ɗauka ya lanƙwasa ya kuma miƙe. A 1973 masanin muhalli ɗan Kanada C. S. Holling ya kai ta daji da tafki, yana nufin girman bugun da tsari zai sha bai rikiɗe ya zama wani abu ba. Shigarta nazarin mutane ta zo da wani sakamako da masu yayinta suka cika mantawa. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955 har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci ko rikicin gida ko ciwon iyaye, kuma a cikin waɗannan, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa. Daga cikin abubuwan da suka fi maimaituwa a tarihinsu akwai samun babba ko da guda ɗaya, kaka ko gwaggo ko malami, da ya tsaya musu. Wani babban ɓangare na abin da ake kira ƙarfin yaron ashe a wajen jikinsa yake.

Daga nan kalmar ta faɗa hannun hukumomi. Yarjejeniyar Hyogo ta 2005 kan rage haɗarin bala'o'i ta sa ta a takenta. A wannan shekarar ta 2005 guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, aka yi ta yabon mazauna birnin da ita, har wasunsu suka liƙa takardu a bango suna cewa a daina kiransu haka, don duk wanda ya yabe su da ita yana share fagen sake yi musu wani abin ne. Sun gano abin da ke cikin kalmar: katako ba ya tambayar wanda ya ɗora masa nauyi, kuma babbar nasararsa ita ce ya koma yadda yake da. Manomin da dama a bakin yunwa yake, komawa yadda yake ba abin murna ba ne. A gidajen rediyonmu da juriya ake fassara ta, wanda hakan ya ƙara karkatar da ita zuwa ga cije haƙora, ya zubar da ɗan abin da take da shi na farfaɗowa.

Akwai dalilin nahawu da ya sa ta doke sauran a ofisoshi. Ba a cewa za a gina “valour” ko a raba “pluck”, domin na mai su ne, shi yake fito da su ranar da ya ga dama. “Resilience” kuwa tana karɓar aikatau na gini da ƙarfafawa da aunawa, tana hawa kan mutum da gada da banki da ƙasa ba tare da ta sauya ba, saboda haka ana iya rubuta mata kasafi, a yanka mata wa'adi. A watan Disamba na 2012, bayan farin da ya sake afka wa yankin Sahel, aka ƙaddamar da ƙawancen AGIR a Wagadugu tsakanin ECOWAS da UEMOA da CILSS da Tarayyar Turai, da wannan kalma a cikin sunansa, aka kuma yi alkawarin kawar da yunwa daga yankin cikin shekara 20. Nijar da Nijeriya da Chadi duk sun shiga, wa'adin kuma 2032 ne.